Wata Takwas Ana Maganin Basir: Lamarin Wani Tela a Zariya da Ciwon Dajin Dubura

Kafin ciwo

Mara lafiyan tela ne, ɗan shekara 46, mazaunin cikin birnin Zariya, yana da mata ɗaya da 'ya'ya shida. Sama da shekara ashirin yana wuni a kan keken ɗinki, idan sallah ta gabato kuma har ya raba dare a shago. Tsayinsa santimita 172, nauyinsa kilo 84, akasarin ƙibar a tumbi take. Ya sha taba shekara goma sha takwas kafin ya bari. Ba ya shan giya, ba shi da ciwon suga. Da safe shayi da burodi, da rana shinkafa ko taliya, da dare kuma yawancin ranaku tsire ko balangu. Tuwon dawa da miyar ganye da ya tashi da su sai jefi-jefi.

Ƙiba, zaman wuri ɗaya, taba, ƙarancin hatsi mai dusa da ganye, da yawan jan nama, duk suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon dajin babban hanji da dubura. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ya daɗe cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo, ta ce giram 50 a kullum na ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuwa ta ce akwai yiwuwar yana jawowa. Abin da ya fi waɗannan nauyi bai fito fili ba sai da likita ya yi tambaya a kansa daga baya: mahaifin telan ya rasu bai daɗe da haura hamsin ba, bayan doguwar jinyar ciwon ciki da rama, cikinsa ya kumbura, bayan gida ya tsaya. A gida ya rasu, ba a yi masa wani gwaji ba.

Satumba zuwa Janairu: kyamis da jiƙo

A ƙarshen damina ya fara ganin jini a bayan gida, kamar sau biyu a mako, babu zafi. Ya gaya wa mai kyamis, aka ce basir ne, aka ba shi maganin matsi da na shafawa. Jinin ya ɗauke kwana goma ya dawo.

Zuwa Nuwamba yanayin bayan gidan kansa ya sauya. Mutumin da ke zagayawa sau ɗaya a rana ya koma sau huɗu ko biyar, ɗan kaɗan-kaɗan, siriri, da majina. Yana fitowa daga ban ɗaki sai ya ji kamar bai gama ba, ya koma ya yi ta yunƙuri, ba abin da ke fita sai majina da jini. Jinin kuma ba ja jawur ba ne mai ɗiga bayan an gama, irin na basir. Ya ɗan yi duhu, a cakuɗe yake da bayan gidan. Aka ce to atini ne. Ya sha Flagyl zagaye biyu. Ya sayi jiƙon basir iri uku, na kwalba da na ƙulli, har da wanda ake talla da lasifika a kasuwa. Kowanne idan ya sha sai ciki ya tsuge, ya ji sakayau na kwana biyu, ya ɗauka dattin ne ke fita.

Fabrairu: ƙaramin asibiti

Kasala ce ta kai shi wani ƙaramin asibiti. Aka gwada bayan gida aka ga ƙwayoyin atini, abin da ake iya samu a cikin mutane da yawa masu lafiya a inda ruwan sha bai da tsafta. Aka ƙara masa Flagyl na kwana goma. Ma'aunin jininsa ya nuna giram 10.8, alhali namiji baligi bai kamata ya gaza 13 ba, sai aka rubuta masa ƙwayar ƙarin jini. Wannan ƙwaya tana mayar da bayan gida baƙi, don haka jinin ya daina fitowa fili, shi da iyalinsa suka ce sauƙi ya samu. Ba a duba duburarsa da yatsa ba, ba a kuma tambayi tarihin danginsa ba. Shi da kansa ya ce daga baya, da an nemi a duba shi a lokacin, da wuya kunya ta bar shi ya amince.

Mayu: gwajin yatsa

Jiri ya fara ɗibarsa idan ya ɗago daga sujada. Yayansa ya kai shi babban asibiti, ɓangaren likitocin tiyata. Nauyinsa ya koma kilo 74, jini giram 8.9. Likitan ya ce masa: "Malam, ba zan rubuta maka komai ba sai na duba wurin da jinin ke fitowa. Yayanka zai iya jira a waje." Ya kwanta a gefen hagu, ya tanƙwashe gwiwoyi zuwa ƙirji, likita ya sa safar hannu da man santsi. Abin bai kai minti ɗaya ba. A nisan santimita shida daga bakin dubura yatsa ya ci karo da ƙari mai tauri, gefensa kaca-kaca, ya zagaye kusan rabin bangon. Safar ta fito da jini. An kuma ga ɗan basir a bakin duburar, wato basir ɗin yana nan da gaske, ƙarin kuma yana samansa.

Yuni: leƙa hanji da hotuna

Kolonoskofi shi ne zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a bi babban hanji har ƙarshensa, wajen mita ɗaya da rabi. Karon farko bai yiwu ba. An ce ya daina cin ganye, wake da duk abin da ke da dusa kwana biyu zuwa uku kafin ranar, jajibiri kuma ruwa-ruwa kawai mai haske, sannan ya shanye maganin wanke ciki. Ya sha rabi ya ji tashin zuciya ya bari, da daddare kuma uwargida ta tausaya masa ta ba shi tuwo da miyar kuka. Kyamara ba ta ga komai ba sai datti, kuɗin ya tafi, aka ɗaga da mako biyu. A karo na biyu an raba maganin gida biyu, rabi da yamma rabi da asuba, ya yi ta zagayawa har abin da ke fita ya zama ruwa garai-garai mai ɗan rawaya.

An ga ƙarin, an gutsuro tsoka daga wurare shida. An kuma tarar da wani tsiro mai tsawon santimita ɗaya can sama a ɓangaren hagu na hanjin, aka tsinke shi nan take. Daga irin wannan tsiro akasarin ciwon dajin hanji ke farawa, kuma yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe. Idan an cire shi da wuri an rufe wannan ƙofa. Sakamakon tsokar ya tabbatar da ciwon daji, irin wanda ke tasowa daga shimfiɗar cikin hanji mai fitar da majina. An gwada tsokar don neman alamar cutar gado da ake kira Lynch, ba a samu ba.

Hoton CT na ƙirji da ciki bai nuna komai a hanta ko huhu ba, su ne wuraren da wannan ciwo ya fi tsallakawa. Hoton MRI na ƙugu ya nuna ƙarin ya ratsa bangon dubura zuwa kitsen da ke kewaye, da kaluluwa biyu da suka kumbura. Tsokar da ke riƙe bayan gida ba ta taɓu ba. Gwajin jini na CEA, wani sinadari da kan ƙaru a jini idan akwai wannan ciwo, ya nuna 14, ana so ya kasance ƙasa da 5. Wannan shi ne mataki na uku cikin huɗu, matakin da har yanzu ake magani da niyyar warkewa.

Yuli zuwa Nuwamba: ya ɓace

Tsarin da likitoci suka gabatar shi ne gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, tare da ƙwayar kemo, maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, a huta mako takwas, a yanke duburar a haɗa hanjin da guntun da ya rage, a fitar da hanji ta ciki na wucin gadi yana zuba a jaka har ɗinkin ya warke, sannan a mayar bayan wata uku zuwa shida. Daga jin maganar jaka hankalinsa ya tashi. Tambaya ɗaya ya yi, ko sallarsa za ta yiwu da jakar a jikinsa, aka ce masa wannan sai malamai. Bai sake dawowa ba.

A gida ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce ciwon daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa zai bazu. Wasu suka ce jifa ne. Aka kai shi wani ƙauye wajen mai magani, ya yi mako shida yana shan jiƙo mai sa zawo, an hana shi nama, ƙwai da mai. Ya sayar da keken ɗinki ɗaya cikin ukun da yake da su.

Nuwamba: hanji ya toshe

Kwana huɗu ba bayan gida ba tusa, ciki ya kumbura ya yi tauri, sai amai. Aka kawo shi cikin dare, nauyinsa kilo 62, jini giram 7.4. Aka sa bututu ta hanci don zuƙe abin da ya taru a ciki, aka ƙara masa ruwa da jini leda biyu, washegari aka shiga tiyata. Ba a taɓa ƙarin ba. An ɗago wani lanƙwasa na babban hanji da ke samansa aka fito da shi ta gefen hagu na ciki, don bayan gida ya samu mafita. Sabon hoto ya nuna hanta da huhu suna nan lafiya, amma ƙarin ya zagaye bangon gaba ɗaya, ya gangaro ya kama tsokar da ke riƙe bayan gida. CEA ya hau 31.

A wannan kwanciya ne wata ma'aikaciyar jinya ta ce wa yayansa: "Alhaji, ku kawo masa malamin da ya yarda da shi, a yi maganar a gabanmu." Limamin unguwarsu ya zo, aka nuna masa jakar da yadda take rufe ruf. Ya ce hukuncinsa na mai lalura ne, kamar mai yoyon fitsari: ya zubar da abin da ke ciki, ya tsabtace, ya yi alwala ya yi sallarsa, abin da ya fita bayan haka ba da ikonsa ba babu laifi a kansa. Tun daga ranar bai sake saɓa ranar asibiti ba.

Disamba zuwa Mayu: kemo da gashi

Na'urorin gashi kaɗan ne a ƙasar nan, layi kuma dogo. Maimakon a zauna jira, aka fara da kemo zagaye huɗu, kowanne mako uku. Ranar farko ana ɗaura masa oksalifilatin miligiram 220 ta jijiya na awa biyu, sannan ƙwayar kafesitabin, wadda ake sayarwa da sunan Xeloda, mai miligiram 500, uku da safe huɗu da dare, cikin rabin awa bayan cin abinci, kwana goma sha huɗu, a huta bakwai. Da tsayi da nauyi ake lissafa adadin, shi ya sa ake auna mutum a gwada jininsa da ƙodarsa kafin kowane zagaye.

Oksalifilatin ba ya shiri da sanyi, ga shi an fara a tsakiyar hunturun Zariya. Asubar farko da ya sa hannu a ruwan buta ya ji kamar lantarki ya ja shi, ya kurɓi ruwan randa maƙogwaronsa ya shaƙe har ya tsorata. Aka ce ruwan ɗumi don alwala da sha, safar hannu da ta ƙafa, ya rufe hanci da baki idan zai fita da sassafe, musamman kwana biyar na farko. Kafesitabin kuma tafin hannu da na ƙafa yake taɓawa. A baƙar fata ba ja ake fara gani ba, duhu ne da bushewa, sai tsagewa. A zagaye na uku tafin ƙafarsa ya tsage, aka dakatar da ƙwayar mako guda, aka rage ta, aka haɗa shi da man shafawa mai kauri. An ja masa kunne cewa idan jakar ta riƙa cika da ruwa fiye da ƙima, ko zazzaɓi ya kai 38, ya ajiye ƙwayar ya taho asibiti ko da tsakar dare ne.

Gashin ya samu a wani gari a ƙarshen Maris: zama 28, Litinin zuwa Juma'a, jimlar gire 50.4 a ma'aunin hasken gashi, da ƙwayar kafesitabin uku safe uku dare a ranakun gashi kawai. An gaya masa tun kafin a fara cewa gashin ƙugu na iya hana haihuwa.

Jakar ce ta fi ba shi wahala a wannan lokaci. Zafin bazara ya sa gumi yana ɓanɓare ta. Da kuɗi suka yanke sai ya koma ɗaura leda da filasta, cikin mako guda fatar wurin ta saɓule. Gyaran da aka yi mai sauƙi ne: a wanke da ruwa zalla, ba sabulu mai mai ba, a bar wurin ya bushe sarai, a yanka ramin jakar ya fi bakin hanjin da milimita biyu zuwa uku kacal, a dafe da tafin hannu minti ɗaya don ɗumi ya kama gam ɗin, a zubar idan ta kai kashi ɗaya cikin uku. Wake, kabeji, ɗanyar albasa da lemon kwalba na kumbura ta da iska, sai ya riƙa kauce musu ranar Juma'a.

Yuli: babbar tiyata

Mako takwas bayan gashi ƙarin ya ragu sosai, CEA ya sauko 4, amma tsokar riƙe bayan gida ba ta kuɓuta ba. Aka cire dubura gaba ɗaya har bakinta, ta ciki da ta ƙasa, aka ɗinke wurin, jakar ta zama ta dindindin. An cire duburar tare da kitsen da ke lulluɓe da ita cikin tantaninsa, kamar a ɗauke ƙullin gari ba tare da an huda ledar ba, domin a cikin kitsen nan kaluluwar da ciwon ke ɓuya suke. Likitan tiyata Bill Heald na Ingila ne ya bayyana wannan salo a 1982, kuma ya rage dawowar ciwon a ƙugu ƙwarai. An ƙirga kaluluwa 13, biyu na ɗauke da ciwon, gefunan abin da aka yanke duk tsaf.

Ɗinkin ƙasa ya buɗe a kwana na tara, abin da ba baƙo ba ne a naman da ya sha gashi. Ya ɗauki mako goma ana wankewa kafin ya cike, duk tsawon lokacin bai iya zama a kujerar keke ba. Fitsari ya yi masa gardama mako uku. Ƙarfinsa na namiji ya ragu, domin jijiyoyin suna manne da inda aka yi aikin, ana kuma ba shi magani a kai. An hana shi ɗaga kaya mai nauyi wata biyu don kada ƙaba ta fito a gefen jakar. Aka ƙara kemo zagaye huɗu. Bayan na biyu yatsunsa suka dinga dindiris har zare ya gagare shi sawa a allura, sai aka janye oksalifilatin aka ƙarasa da ƙwaya kaɗai.

Wata goma sha takwas bayan tiyata

Nauyinsa kilo 73, jini giram 13.2, CEA tsakanin 2 da 3 a duk gwajin wata uku-uku. Hoton CT na shekara bai nuna komai ba, an leƙa hanjin ta bakinsa da ke zuba a jakar ba sabon tsiro. An koya masa wankin hanji: ruwan ɗumi daga rabin lita zuwa lita ɗaya ta bakin hanjin kowace safiya a lokaci guda, ya jira kamar minti arba'in komai ya fita, sai ya wuni da 'yar ƙaramar jaka, sau da yawa ba abin da ke zuba. Ya koma shago, yana yanka da awo, yara na ɗinki. Dindiris ɗin yatsu ya ragu amma bai tafi ba.

Wanda iyayensa, ɗan'uwansa na jini ko ɗansa ya kamu kafin shekara 60, ana so a fara leƙa hanjinsa yana da 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya riga, a maimaita duk shekara biyar. A gidan nan lissafin ya faɗa kan 36 zuwa 37. Cikin 'yan'uwansa huɗu uku sun je. An cire wa ƙanwarsa mai shekara 41 tsiro na santimita ɗaya da rabi, ba ta taɓa jin ko ciwon ciki ba.

Abin da lamarin ya nuna

Jinkiri biyu ne a nan, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na farko, wata takwas, na masu ba da magani ne. Ƙarin yana inda yatsa ke kaiwa, kuma tun Nuwamban farko alamun sun wuce na basir: jini a cakuɗe, majina, sauyin bayan gida na makonni, yunƙuri ba biyan buƙata. Fabrairu ce ta fi ciwo, domin namiji ɗan 46 da jininsa ya sauka 10.8 yana zubar da jini ta wani wuri, ƙwayar ƙarin jini kuma ba ta amsa tambayar ko ta ina. Ganin ƙwayoyin atini, kamar ganin basir, bai kore wani abu a samansu ba. Shekarunsa ma sun ruɗi mutane, alhali a asibitocin Najeriya an saba ganin wannan ciwo a 'yan arba'in da hamsin, Amurka ma ta sauko da shekarun fara gwaji zuwa 45 a 2021. Ba kuma nisa ba ne, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika.

Na biyu, wata huɗu, ana iya ɗora shi a kan mara lafiya da danginsa, amma ba duka ba. Mutum ya yi tambaya ɗaya tak, aka sallame shi ba amsa, kuma zaman da ya warware ta a Nuwamba ana iya yinsa a Yuli. A Yuni tsokar riƙe bayan gida lafiya take, a Nuwamba ta kamu. Ba tabbas cewa da an bi tsarin farko za a tsira da ita, ƙari a santimita shida a kan iyaka yake, amma damar tana nan a lokacin. Zancen cewa wuƙa na baza ciwon daji ya samo asali ne daga masu zuwa a makare, a buɗe a tarar ya riga ya bazu. A nan tiyata ce ta fitar da shi. Jiƙo mai sa zawo kuma a hanjin da ya ƙuntata hatsari ne na kansa.

Abin da ya yi aiki shi ne jerin yadda aka bi: buɗe wa bayan gida hanya tukuna, cika lokacin jiran gashi da kemo, rage magani idan jiki ya koka maimakon a watsar, da tiyatar da ta fito da gefuna tsaf. Naman dare da zaman keke sun ƙara haɗari, amma ba za a ce su kaɗai suka jawo ba. Mutuwar mahaifinsa da tsiron ƙanwarsa sun fi nuni ga gado, ko da gwajin Lynch bai nuna komai ba. Tun da an samu ciwon a kaluluwa biyu bayan gashi, haɗarin dawowarsa na nan, ya fi yawa a shekara uku na farko, don haka za a ci gaba da CEA da hoto har shekara biyar. Ɗan'uwan na huɗu, mai shekara 39, har yanzu bai je gwajin ba.